Wa Ke da Bakin Magana? Murya da Soyayya a Fina-finan Barkwancin Faransa, 1930 zuwa 1940

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi fina-finan soyayya masu ban dariya da aka yi a Faransa daga shigowar sauti cikin sinima zuwa faɗawar birnin Paris hannun sojojin Jamus a 1940. Tambayar da ta sa a gaba ɗaya ce: da fim ya sami baki, wa aka ba damar magana a cikinsa? An bi ayyukan René Clair da Marcel Pagnol da Sacha Guitry, da rawar da Danielle Darrieux da Josephine Baker suka taka. Hujjar maƙalar ita ce rabon magana a waɗannan fina-finai ya bi sawun rabon iko a cikin gida da ƙasa.

Gabatarwa



In aka ce a ambaci fina-finan Faransa na gabanin Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ke fara zuwa baki su ne na baƙin ciki: Jean Gabin cikin hazo a tashar jiragen ruwa a Le Quai des brumes na 1938, ko kuma ya kulle kansa a ɗaki yana jiran 'yan sanda a Le jour se lève na 1939. A kansu manazarta suka fi zubar da tawada. Amma leburan masana'anta da ya ɗauki matarsa zuwa sinimar unguwa daren Asabar, dariya da waƙa da labarin saurayi da budurwa suka fi kai shi. Waɗannan fina-finai na dariya nake so mu zauna a kansu yau, domin na yi imani abin da al'umma ke wa dariya yakan tona cikinta fiye da abin da take wa kuka.

Kafin 1929 fim a Faransa bebe ne. Fim ɗin Amurka The Jazz Singer, wanda ya fito a 1927, ya iso Paris a farkon 1929, ya tarar da sutudiyon ƙasar ba su da na'urar ɗaukar sauti. Har sai da aka ƙetara Ingila aka ɗauki Les Trois Masques, wanda ake lissafawa a farkon fina-finan Faransanci masu magana. Baƙi ne suka kawo kayan aikin: kamfanin Tobis mai jarin Jamus da Holan ya kafa sutudiyo a Épinay, Paramount ta Amurka ta kafa nata a Joinville, inda akan ɗauki labari guda cikin harsuna da yawa, a bar ɗakin yadda yake, a sauya 'yan wasa kawai. Makirufo na lokacin yana kama ƙarar kyamara, don haka aka riƙa rufe ta cikin akwati, ta kasa yawo. Hanya mafi sauƙi ga masu zuba jari ita ce su ɗauko wasan kwaikwayon da ya riga ya karɓu a dandamali, su kafa masa kyamara.

Da wasannin dandamali 'yan wasan dandamali suka shigo, kuma a nan ne tushen maganata. Waɗanda muryarsu ta gogu har ta iya cika zaure manyan maza ne: an haifi Raimu a 1883, Sacha Guitry a 1885. Samari kuwa ƙasar na ƙarancinsu, domin yaƙin 1914 zuwa 1918 ya cinye mata mutum kusan miliyan 1.4. Noël Burch da Geneviève Sellier, a nazarinsu na 1996, sun nuna yadda fina-finan wannan zamani suka cika da dattijo mai iko a gefen yarinyar da ya isa ya haifa. Ni abin da zan ƙara shi ne, ikon dattijon nan a bakinsa yake.

René Clair: masoya ba su da baki

Clair ya shigo zamanin sauti yana ɗari-ɗari da shi. Ya riga ya ƙware a fim marar magana, yana tsoron surutu zai kashe abin da ido ke iya faɗa. Dabararsa ita ce ya karɓi sauti, ya hana magana sakewa.

Sous les toits de Paris, wato ƙarƙashin rufin gidajen Paris, ya fito a 1930. Kyamara ta faro daga sama, tsakanin bututun hayaƙi, ta gangaro a hankali zuwa wani lungu inda Albert, wanda Albert Préjean ya fito a matsayinsa, ke rera waƙa yana sayar da takardunta, jama'a na amsawa. Lungun duka Lazare Meerson ne ya gina shi a sutudiyo. Albert ya kamu da son Pola, baƙuwa 'yar Romaniya. To amma duk inda muhimmiyar magana za ta fito, sai Clair ya toshe ta. Akwai gardamar da muke kallo ta bayan ƙofar gilashi, baki na motsi, ba ma jin komai. Akwai faɗa da wuƙa a gefen layin dogo, ƙarar jirgin ƙasa ta shanye ihun. Akwai cacar baki a ɗaki bayan an kashe fitila, muna ji ba ma gani. A ƙarshe Pola ta zaɓi Louis, abokin Albert, shi kuwa ya koma lungunsa da takardun waƙarsa. Mutanen Paris ba su yi rububin fim ɗin ba da farko. Sai da mutanen birnin Berlin suka yaba masa sannan duniya ta waiwayo.

Inda dabarar ta nuna sosai shi ne Le Million na 1931. Michel mai zane ne da bashi ya yi wa katutu. Mahauci da mai kanti da mai gidan haya duk suna binsa a kan matakala. Sai ga labari tikitinsa na cacar Holan ya ci miliyan guda. Faransa ba ta da cacar ƙasa a lokacin, sai a 1933 aka kafa ta. Tikitin yana aljihun wata tsohuwar kwat, kwat ɗin kuwa budurwarsa Béatrice, cikin fushi da shi, ta ba wani dattijo da 'yan sanda suka biyo, daga nan ta faɗa hannun wani mawaƙin opera. Fim ɗin gaba ɗaya farautar kwat ne.

Ina roƙon ku tsaya tare da ni a fitowa guda. Michel da Béatrice, wadda Annabella ta fito a matsayinta, suna tsakiyar rigima a bayan dandamali aka ɗaga labule. Ba hanyar fita. Suka maƙale a bayan wani daji na kwali, suka zauna kusa da juna dole. A gabansu mawaƙa biyu, manya masu jiki, suna fuskantar 'yan kallo suna rera waƙar soyayya da iyakar muryarsu. Daga sama wani ma'aikaci yana yayyafa furannin takarda, ga wata na ƙarya an rataye. Béatrice ta kawar da kai. Michel ya kai hannu, ta janye. Waƙar ta zo kan ban haƙuri, ya dube ta. Ta zo kan yafiya, kafaɗarta ta sauka. Ba wanda ya furta kalma a cikinsu har suka shirya. Duk abin da ke kewaye da su jabu ne, muryar ma ta aro ce, amma sulhun na gaske ne. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma ban san wani mai shirya fim da ya amince da wannan magana kamar Clair ba.

Mai kallon fim ɗin Hausa zai gane wannan nan take, don ya saba ganin saurayi da budurwa da kunya ta ɗaure musu harshe, sai waƙa ta faɗi abin da ke ransu da muryar wani mawaƙi. Ba cewa nake wannan ya samo daga wancan ba. Manazarta Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun nuna cewa ta Indiya hanyar tamu ta biyo. Matsala ce iri ɗaya ta haifi magani iri ɗaya.

Quatorze Juillet na 1933 ya maimaita salon da direban tasi da mai tallar furanni, ruwan sama ya tarwatsa rawar bikin ƙasa, suka fake a bakin ƙofa guda. Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa: shirun masoyan Clair shirun talakawa ne. A Le Million, masu bin bashi su ke da amshi, su ke rera buƙatarsu a ƙungiyance. Michel bai sami kwanciyar hankalin aure ba sai da tikiti ya dawo. Bayan Le Dernier Milliardaire na 1934 ya faɗi a kasuwa, Clair ya tafi Ingila. Shekarar ce kamfanin Gaumont ya durƙushe, Pathé-Natan ya bi baya a 1936, fage ya koma hannun ƙananan furodusoshi da masu wasan dandamali.

Marcel Pagnol: dattawa sun karɓi zance

Pagnol kishiyar Clair ne, kuma sun yi muhawara a rubuce. Shi a ganinsa magana ce ran sabon fim. Ya kafa mujallarsa, Les Cahiers du film, a 1933 don kare wannan ra'ayi, masu suka kuwa suka kira aikinsa wasan kwaikwayon gwangwani. Ina ganin sun yi masa rashin adalci. Pagnol ya fitar da kyamara zuwa tsaunukan kudancin Faransa, ya kawo karin harshen Marseille cikin sinima a lokacin da Paris ke ɗaukarsa abin dariya kawai.

Labarinsa mafi shahara fina-finai uku ne: Marius na 1931 wanda Alexander Korda ya ba da umarni, Fanny na 1932 na Marc Allégret, da César na 1936 wanda Pagnol ya yi da kansa. Marius ɗan mai mashaya ne a tsohuwar tashar jiragen Marseille. Yana son Fanny, mai sayar da abincin teku a ƙofar mashayar, amma yana son teku fiye da ita. Da ta gane haka, sai ta yi masa ƙarya cewa ta fi son Panisse, attajirin da matarsa ta rasu, don ya tafi da zuciya sake. Ya tafi, ta tarar tana da ciki. Panisse, wanda ya isa ya haife ta, ya aure ta da sanin cikin, ya karɓi yaron da murna don shi bai taɓa haihuwa ba. Da Marius ya dawo yana neman matarsa da ɗansa, ubansa César ne ya tsaya ya kore shi. Sai bayan shekara ashirin, Panisse ya rasu, aka bar masoyan suka haɗu.

Ku lura da inda dariyar take. Ba ta wurin Marius da Fanny. Su nasu kuka ne da haɗiye magana. Dariyar tana teburin karta, inda César, wato Raimu, da Panisse da abokansu ke zuba zance, suna cika baki, suna maguɗi a fili, suna faɗa suna shiryawa. Daɗin zancensu ne ke sa mai kallo ya miƙa musu wuya. Lokacin da suka zauna da uwar Fanny suna tsara aurenta, mun riga mun ƙaunace su, har ba ma lura cewa yarinyar da ake yanke wa rayuwa ita ce mafi ƙarancin magana a ɗakin. Fim ɗin ya yarda ɗari bisa ɗari cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ina ƙaunar waɗannan fina-finai, na kuma yarda Panisse mutumin kirki ne, ya rufa asiri a inda wani zai tona. Amma shekara ashirin na rayuwar mace ba ƙaramin farashi ba ne, kuma ba a tambaye ta da gaske ba.

La Femme du boulanger na 1938, matar mai burodi, ya kai wannan zubi maƙura. Aimable, Raimu ne dai, ya zo wani ƙauye da amaryarsa Aurélie. Ta gudu da wani makiyayi. Ya ce ba zai ƙara kunna tanda ba sai ta dawo. Ƙauyen da ba a ga maciji tsakanin mutanensa ya haɗa kai saboda burodi, har malamin makaranta ya goya limamin coci, abokin gabarsa, suka ƙetare fadama don dawo da ita. Ta dawo da dare, ta zauna a bakin tebur. Mijin bai ce mata uffan na faɗa ba, ya ajiye mata abinci. Sai kyanwar gidan, wadda ita ma ta yi kwanaki da ɓacewa, ta shigo tana lasar madara. A kanta ya juye duk abin da ke cikinsa: yawon banza, butulci, barin na gida cikin damuwa. Aurélie na zaune tana hawaye. Wannan habaici ne tsantsa, irin wanda duk Bahaushe ya sani, a faɗa wa kyanwa don mai gida ta ji. Fitowar tana taɓa zuciya ƙwarai. Duk da haka sunan matar ne a kan fim ɗin, Ginette Leclerc ce ta fito a matsayinta, kuma kalmominta 'yan kaɗan ne daga farko har ƙarshe. Me ya kore ta daga gidan, me ta ji, ba a ba ta fili ta faɗa ba.

Sacha Guitry

A kan Guitry ba zan daɗe ba, don al'amarinsa a fili yake. Shi ke rubutawa, shi ke ba da umarni, shi ne tauraro. A Faisons un rêve na 1936, wanda ya ɗauko daga wasansa na 1916, yana zaune shi kaɗai da wayar tarho yana lallashin matar wani, mintoci masu yawa, ba a jin kowa sai shi. Matar Jacqueline Delubac ce, wadda ya aura a 1935, ya girme ta da shekara 22. Aikinta a fim ɗin yawanci saurare ne da murmushi. Fasahar harshensa ba ta da musu. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne yadda cin amanar aure ya zama wasan basira, wanda ya fi iya baki ya ci. Na fi son Bonne chance! na 1935, inda mai zane da mai wanki suka raba tikitin caca, don a can akwai tausayi. Amurkawa sun sake yin sa a 1940 da sunan Lucky Partners.

Darrieux ta ƙwaci bakinta

Dokar farar hula ta Napoleon, ta 1804, ta wajabta wa matar aure biyayya ga miji a rubuce, ta kuma hana ta shiga shari'a ko ƙulla yarjejeniya ba da izininsa ba. Ba a soke wannan ba sai ranar 18 ga Fabrairu 1938. A daidai waɗannan shekaru ne wata murya dabam ta bayyana a sinima.

An haifi Danielle Darrieux a Bordeaux a 1917, ta fara fim tana da shekara 14. Ba ta fito daga dandamali ba, makirufo ne ya raine ta. Tana magana da sauri, tana katse namiji, tana tsawa, tana fashewa da waƙa. A Un mauvais garçon na 1936 ta fito a lauya, sana'ar da jarinta baki ne. Sai dai ƙarshen labarin ya karɓe abin da farkonsa ya bayar: wanda take karewa ashe mijin da mahaifinta ya zaɓa mata ne ya ɓad da kama, ta ajiye rigar lauya ta yi aure. Battement de cœur, bugun zuciya, wanda mijinta na lokacin Henri Decoin ya ɗauka a 1939, ya fi ƙarfin hali. Marainiya ce da ta faɗa makarantar koyon yankan aljihu. Wani jakada ya kama ta, ya tilasta mata sato agogon wani matashin jami'in diflomasiyya a wurin liyafa, don yana zargin hoton matarsa na ciki. Ta sato agogon, ta zare hoton kafin ta miƙa. Da wannan hukunci nata, wanda ba dattijon da ya yanke mata, labarin ya juya. A iya kallona, a nan ne budurwar fim ɗin barkwancin Faransa ta riƙe linzamin labarinta da hannunta.

Wadda aka ba waƙa aka hana ta miji

Saura murya guda, kuma ita ta fi kusa da mu. Josephine Baker, baƙar fata 'yar Amurka, ta yi fina-finai biyu a wannan layi. A Zouzou na 1934 tana son Jean Gabin, shi yana son ƙawarta farar fata. Ta zama tauraruwa, aka rufe fim tana waƙa a kan lilo cikin kejin tsuntsu. A Princesse Tam Tam na 1935 ita ce Alwina, makiyayiya 'yar Tunisiya da wani marubuci Bafaranshe ya ce zai wayar. Ta girgiza Paris da rawa, sai aka bayyana cewa zuwanta Paris a cikin littafinsa kawai ya faru. Ya koma wa matarsa, ita ta zauna a ƙasarta. Fim ɗin soyayya mai ban dariya alkawarinsa ɗaya ne, masoya za su haɗu. Ga Baker kaɗai aka karya alkawarin har sau biyu.

Wannan ba ya rasa nasaba da zamanin. A 1931, shekarar Le Million da Marius, Paris ta yi gagarumin baje kolin ƙasashen da take mulka a Vincennes. A 1934 Pierre Laval, yana ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya sa hannu a dokar da ta hana ɗaukar fim a yankunan Faransa na Afirka, har da Nijar, sai da izinin hukuma. Shi ya sa lokacin da 'yan Afirka Paulin Soumanou Vieyra da abokansa suka tashi yin Afrique-sur-Seine a 1955, a Paris suka ɗauke shi. Ƙasar da ke muhawara kan yadda fim zai yi magana ta riga ta yanke cewa mutanen Zinder da Maraɗi ba sa cikin masu maganar.

Battement de cœur ya fito a farkon 1940. Ranar 14 ga Yuni sojojin Jamus suka shiga Paris. Matan Faransa ba su jefa ƙuri'a ba sai a Afrilun 1945, kuma sai a 1965 matar aure ta sami ikon kama aiki ko buɗe asusun banki ba da sa hannun miji ba.

Roƙona ga ɗalibanmu masu nazarin fim, na Faransa ne ko namu na gida: ku kalli fim sau biyu. A karo na biyu ku ɗauki agogo da takarda, ku rubuta wanda ya yi magana, minti nawa ya yi, da wanda aka yanke wa hukunci yana zaune shiru. Ku fara da fitowar kyanwar nan ta gidan mai burodi.